Gaɓoɓi sun yi ciwo bayan nutso: komawa cikin ruwa magani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina zuwa Bankok sarin kaya. Bara na koyi nutso da silinda a tsibirin Ko Tawo na ƙasar Tailan, aka ba ni katin matakin farko. Wannan karon abokai na so mu je tsaunin Cumfon na ƙarƙashin teku kusa da Ko Tawo, washegari in kamo hanyar Legas. Abin da ke hana ni barci shi ne ciwon nan da ke kama mutum bayan ya taso. Wani maƙwabcina mai aikin nutso a Apapa ya ce kada in damu, in kafaɗa ko gwiwa ta fara ciwo in koma zurfin da na fito in zauna, zai warware. Haka ne? Ina da iyali, ba na so in dawo musu a keken guragu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba haka ba ne, kuma gara da ka tambaya kafin ka yanki tikiti.

Mu fara da katinka. Kan tsaunin Cumfon yana wajen mita 14 a ƙarƙashin ruwa, gindinsa ya wuce mita 30, katin matakin farko kuwa iyakarsa mita 18. Irin wannan tsauni da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar teku ba ya da gangaren yashi da zai gaya maka kana yin ƙasa. Ruwan garau, kifi dandazo, kana bin su da ido sai ka duba agogon nutso ka ga 28. A mita 30 iskarka tana ƙarewa ninki huɗu na yadda take ƙarewa a sama, kuma teburin lokacin nutso na PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, minti 20 ya ba ka a wurin, alhali a mita 18 ya ba ka 56. Ko ka yi kwas na mataki na biyu, ko ka tsaya a saman dutsen. Ka sauka da igiyar jirgi, ka taso da ita, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5.

Yanzu maganar maƙwabcinka. Wannan magana na gaji da jin ta, daga Apapa har Tarkwa Bay, kuma masu yin ta cike suke da tabbaci, domin kowa ya san wani da ya koma ƙasa ya ji sauƙi. Eh, zai ji sauƙi. Matsin ruwa yana matse kumfar naitirojin da ta taru cikin jiki bayan mutum ya taso, wadda ita ke kawo ciwon, ciwon ya lafa. Amma me yake shaƙa a can ƙasan? Iskar silinda ce, kashi 78 cikin ɗari naitirojin. Wato yana ƙara wa jikinsa abin da ya kwantar da shi. Silinda za ta ƙare, sanyi zai kama shi, dole ya taso, kumfar ta sake kumbura, wannan karon da ƙari. Wanda ya shiga da ciwon kafaɗa sai ya fito ƙafa ba ta ɗaukarsa. Wanda jiri ko amai ko suma ya kama a ƙasa kuwa, ba a ma maganar fitowa.

Gaskiya ne akwai hanyar jinya a cikin ruwa da ƙwararru ke bi a wuraren da ba asibiti kusa, amma da zallar oksijin ake yi, da abin rufe fuska gaba ɗaya, ba a wuce mita 9, da mai tsaro a gefe da likita a waya. Wannan dabam, abin da ake faɗa a bakin tasha dabam.

Ka tuna Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon 4 da ya kife a tekun Najeriya a watan Mayu na 2013. Ya yi kusan awa 60 a wani lungu mai iska a zurfin mita 30. Da masu ceto suka same shi ba su jawo shi sama kai tsaye ba, sai da ya ƙara kusan awa 60 a ɗakin matsin iska ana rage masa matsi a hankali. Aikin masu ilimi ke nan. Ko jinyar da aka fi yi wa mai wannan ciwo, wadda sojan ruwan Amurka suka tsara, kusan awa biyar ce a cikin ɗaki, ana farawa a matsin da ya yi daidai da mita 18, mutum na shaƙar oksijin. Wace silinda ce za ta riƙe ka awa biyar?

Abin da ya fi ba ni haushi ma mu ne, mutanenmu. Mutum ya taso, hannu na yi masa jijjiga kamar tafiyar kiyashi, sai a ce sanyi ne. A dafa ruwan zafi a gasa, a murza da man zafi, wani ya ce ai mutanen ruwa ne suka shafe shi, a nemo mai tofi. Ruwan zafi da murza ba sa fitar da kumfa, suna iya ma tsananta ta. Addu'a ba wanda ya hana, a yi ta a kan hanyar asibiti da oksijin a hanci. Mafi yawan alamomin suna bayyana cikin awa 6 na farko, kusan duka cikin awa 24: ciwon gaɓa da ba ya canzawa ko ka motsa, gajiyar da ba ta da dalili, dabbare-dabbare a fatar ciki, jiri, mutuwar ƙafa, kasa yin fitsari. Ko ɗaya ka gani, ka faɗa wa shugaban jirgi nan take, kada kunya ta hana ka. A kwantar da kai, a sa maka zallar oksijin, a ba ka ruwa in kana iya haɗiya, a nufi ɗakin matsi. Akwai shi a tsibirin Ko Samui, kusa da Ko Tawo. Kafin ka hau jirgin ruwan ka ce a nuna maka silindar oksijin ta gaggawa, in suka fara kame-kame ka nemi wani shagon. Ka kuma sayi inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, domin inshorar tafiya ta yau da kullum ba kowace ce ke biyan kuɗin ɗakin ba.

Sai batun "washegari". Ƙa'idar jira kafin hawa jirgin sama ita ce awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, ni kuwa cewa nake a cika 24. Matsin iska a cikin jirgin sama yana iya komawa kamar kana kan tsauni mai tsayin mita 2,400, kumfar da ta yi shiru sai ta farka. Kuma lissafin ba daga babban jirgin Bankok zuwa Legas zai fara ba, daga ɗan jirgin cikin gida ne da zai kai ka Bankok. In lokacin bai cika ba, ka ɗaga tikitin da kwana ɗaya, ko ka sa Cumfon a farkon tafiyar ka bar sarin kaya ya zo a ƙarshe.