Zaɓen Majigin Kallo a Gida Idan Kuɗi Ba Su Da Yawa

Ka ce yayanka yana son majigin kallon fim da ƙwallo a falonsa a Tudun Wada, kuma ya ga guda biyu da farashinsu ya yi kusa: wani sabo ɗan ƙarami da aka rubuta wa lumen 9,000 (ma'aunin haske) da 4K (alamar kaifin hoto) a kwali, da wani Epson na hannu irin na ofis. Kana tambayar wanne za ka ce ya ɗauka. To ɗana, ajiye kwalin nan a gefe tukuna. Ɗakin da za a yi kallo da irin wutar da ke gidan su ne za su yi zaɓin.

Fara da haske. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI a jikinsa. Idan ka ga lamba ƙatuwa babu ANSI, hasken ƙwan da ke ciki suke nufi, ko kuma lambar talla ce kawai. Ƙananan nan masu gilashin LCD guda ɗaya, yawancin haskensu a cikin gilashin yake ɓacewa, abin da ke isa bango bai cika wuce ANSI 100 zuwa 300 ba. Majigin da ke ba da 9,000 na gaske na babban zauren taro ne, ba a saka shi a jakar hannu. Amma kada ka raina 200 ko 300 ɗin nan. Bayan isha'i, an kashe fitila an saki labule, ya isa hoto mai inci 80 ya fito da kyau. Da rana ne yake zama fari fat kamar an wanke shi. Na ofis ɗin kuwa yakan ba da 2,500 zuwa 3,500 idan ƙwansa na da rai, ana iya kallonsa ko da ɗan haske a ɗaki. Ka kuma riƙe wannan: duk lokacin da ka ninka faɗin hoto sau biyu, haskensa na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa mai ƙaramin majigi da ya nace sai ya cika bango yake dawowa yana cewa ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai kaifin hoto. A takardar majigi akwai lamba biyu, ɗaya an rubuta mata native, ɗaya support. Ta farkon ita ce yawan ɗigon da majigin ke da shi. Ta biyun tana nufin yana karɓar irin wannan hoton ne kawai, sai ya matse shi zuwa nasa. Da yawa masu rubutun 4K ko 1080p, ainihinsu ɗigo 800 a kwance da 480 a tsaye ne, rubutun fassarar da ke ƙasan fim ma da kyar ake karantawa. Kada ka bari a sayi ƙasa da 1280 da 720, idan aljihu ya kai 1920 da 1080 ya fi. Na ofis ma a duba: tsofaffin 1024 da 768 hotonsu kusan murabba'i ne, fim mai faɗi yana amfani da layi 576 kawai, sama da ƙasa su zama baƙi. Nemi mai 1280 da 800.

Yanzu ga inda maganar take, wato wuta. Majigin ofis mai ƙwai yana jan wat 250 zuwa 300, ƙaramin mai fitilar LED kuwa 50 zuwa 100. Yi lissafi da batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 100: wat 1,200 ne na awa ɗaya a takarda, amma rabinsa za ka ci idan kana son batirin ya daɗe. Majigi mai wat 60 da 'yar sifika za su kai wajen awa shida a kansa. Mai wat 300 da kyar ya ga ƙarshen wasan ƙwallo ɗaya. Bayan haka, ƙwan nan yana yin zafi ƙwarai, kuma idan an kashe majigin fanka tana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don ta sanyaya shi. Idan aka ɗauke wuta farat ɗaya, fankar ta tsaya, zafin ya maƙale a ciki, kuma yawan faruwar haka yana rage wa ƙwan kwana. Mai irin wannan majigi lallai ya haɗa shi da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ko inbata, ko don ya samu mintunan kashe shi yadda ya kamata. Kowane iri ne kuma, kada a jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta ba sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta ke ƙona bangaren wutarsa.

Ƙwan kansa yakan yi awa 3,000 zuwa 5,000, ya fi haka idan an sa shi a saitin rage haske. Kafin ku biya kuɗin na hannu, shiga saitinsa ka duba awannin da ƙwan ya yi, amma ka sani ana iya mayar da lambar sifili, saboda haka idonka ne alƙali: idan hoton ya dushe, ƙwan ya tsufa ko me lambar ta ce. Tambayi kuɗin sabon ƙwai na wannan samfurin, kuma ko ana samunsa, ka tara a kan farashin. Sau da yawa a nan arahar take ƙarewa. Idan aikin canza shi ya zo hannunka, bar shi ya huce awa guda, kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, kuma ka yi hattara don akwai sinadarin makuri a ciki.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar ƙananan nan a Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na zuƙo ta, ta zauna a kan gilashin ciki, sai ka ga ɗigo-ɗigo masu duhu a hoto da ba sa tafiya ko ka goge gilashin gaba. Idan ta toshe hanyar iska, zafi ya taru, sai wani tabo rawaya ko ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoto yana girma. Wannan ƙuna ce a ledar da ke tace haske, shara ba ta gyara ta, sai canji. Don haka ka zaɓi wanda ke da ragar tace ƙura da ake cirewa, a wanke ta ko a kaɗe ta duk sati biyu a lokacin hazo, a rufe majigin da kyalle bayan ya huce. Kada a ɗora shi a kan katifa ko kafet, kuma a bar masa kamu biyu tsakaninsa da bango.

Ko a Kasuwar Gumi ne ko a shagunan titin Ahmadu Bello, kada ku karɓa sai an kunna. Tafi da filas ɗinka mai hoto fari zalla, da baƙi zalla, da shafi cike da ƙananan rubutu. Farin zai tona ƙura da tabon rawaya. Baƙin zai nuna fararen ɗigo, alamar ƙananan maduban cikin majigin DLP, irin su BenQ da Optoma, sun fara mutuwa. Rubutun kuma ka saita tsakiyarsa ya yi kaifi sannan ka dubi kusurwoyi huɗu. Idan sun yi dishi-dishi sosai, haka zai zauna har abada. Bar shi a kunne minti 30 kana sauraron fanka. Wanda zai mutu saboda zafi a nan yake nuna hali.

Auna ɗakin kafin fita. Hoto mai inci 100 faɗinsa mita 2.2 ne, kuma yawancin masu araha suna son nisan mita 2.7 zuwa 3.3 kafin su ba da shi. A ajiye majigin daidai tsakiya yana fuskantar bango sak, don gyaran karkata da ake yi da rimot yana cin kaifin hoto. Farin bango mai santsi da fentin ruwa ya wadatar, mai ƙyalli ne ba a so.

Sifikar ciki ba ta wuce wat 3 zuwa 5 ba, ga ƙarar fanka, don haka a ware kuɗin ta waje, kuma a haɗa da waya, saboda Bluetooth yakan sa magana ta biyo bayan motsin baki. A tabbatar akwai HDMI don dikoda, da AV idan dikodar tsohuwa ce. Netflix ba ya yarda a hasko shi daga waya, baƙin allo za ka gani, maganinsa Fire TV Stick ko Chromecast a ramin HDMI. Fim a filas ya fito ba murya, yawanci sautin Dolby ne majigin bai iya karantawa ba.

Tunda yayanka da dare zai yi kallo kuma da batirin sola yake rufa asiri, ka ce ya bar Epson ɗin. Shi kuma mai rubutun 9,000, sai idan ainihinsa ya kai 1280 da 720 kuma ya ci gwajin nan. In bai ci ba, ku nemi wani mai LED da ya rubuta ANSI 200 zuwa sama, ku kuma sa mai shago ya rubuta kwanakin da za a iya dawo da shi a kan rasit.