Kamfani ya riƙe kuɗin da yake yanka a albashinka bayan ka ajiye aiki

Ɗan'uwa, ka ce ka bar aiki, kamfanin kuma ya ƙi sakin kuɗin da yake cirewa a albashinka duk wata. Fara tattara takardun albashinka, ka duba sunan da aka ba kowane yanki, domin kowanne da hanyarsa.

In na fansho ne, dama ba a hannun kamfani ya kamata ya zauna ba. Dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfanin da kake wa aiki ya ƙara kashi 10, ya tura asusunka na fansho cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi bayanin asusu. Watan da ka ga babu shigar kuɗi, nan aka ci amanarka. Rubuta ƙorafi ga PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, tare da kwafin takardun. Doka ta ɗora wa kamfanin da ya ƙi tura kuɗin tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin da bai tura ba duk wata. In ka yi wata 4 ba aiki, kana iya cirar kashi 25 na abin da ke asusunka na fansho.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne notis. In ka tafi ba ka ba da wa'adin da ke takardar ɗaukarka aiki ba, za su iya riƙe kuɗin wa'adin, amma ba fiye da haka ba.

Ragowar kuwa, rubuta musu wasiƙar neman haƙƙi, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In suka yi shiru, ka kai ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiharka, daga nan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.