Babu Bizar Ritaya a Saudiyya: Amsa ga Yayana Mai Son Ƙarasa Rayuwa a Madina

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, kuma na ga ya fi dacewa in amsa shi a fili, domin ba kai kaɗai ba ne cikin 'yan'uwanmu na gida da ya taɓa yi mana wannan tambaya. Ka ce lokacin ajiye aikinka ya ƙarato, kana so in binciko maka yadda ake samun bizar ritaya don ka ƙarasa sauran kwanakinka a Madina. Ka kuma ƙara da cewa tunda tsofaffinmu suna zaune a nan har Allah ya karɓi abinsa ba tare da an kore su ba, lallai akwai wata hanya da muka sani muke ɓoye muku. Allah ya cika maka burinka na alheri, amma Saudiyya ba ta da wata biza da ake ba baƙo don kawai ya tsufa kuma yana karɓar fansho, kuma babu abin da muke ɓoyewa.

Akwai ƙasashen da suke da irin wannan biza. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba wanda ya kai shekara 55 izinin zama na shekara 5 idan yana da gida ko ajiyar kuɗi da suka kai dirhami miliyan ɗaya, ko wani tsayayyen kuɗin shiga na wata-wata. Tailan kuwa tana karɓar mai shekara 50 da ya ajiye bat 800,000 a bankin ƙasar. Sai dai na san kai maƙwabtakar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kake nema, don haka ba zan tsawaita a kan waɗannan ba.

A nan zaman baƙo yana rataye ne a kan igama, wato takardar izinin zama, igama kuma tana rataye a kan kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki ko wanda kake ƙarƙashinsa a matsayin iyali. Ranar da aiki ya ƙare, dalilin zaman ya ƙare, ko da an haife ka a Makka, ko da mahaifinka ma a nan aka yanke masa cibiya. Hukumar inshorar ma'aikata ba ta biyan baƙo fansho, iyakarta da shi raunin da ya samu a bakin aiki. Abin da yake samu shi ne kuɗin sallama sau ɗaya: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Wanda ya yi shekara 30 a wuri ɗaya zai tashi da albashin wata 27 da rabi, kuma da wannan zai ci, ya biya haya, ya sayi magani har ƙarshen ransa. Ga kuma tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011 don a ƙara yawan 'yan ƙasa a wuraren aiki, wanda a cikinsa ake ƙirga yawancin baƙin da suka haura shekara 60 a matsayin mutum biyu. Saboda haka kamfani ba ya son riƙe tsoho, komai daɗewarsa da amanarsa.

Ƙofa ɗaya da ta yi kama da abin da kake nema ita ce igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda mai ita ba ya buƙatar kafili. Ta dindindin riyal 800,000 ce a biya ɗaya, ta shekara-shekara kuma riyal 100,000. A 2024 an ƙara wasu nau'o'i, har da na wanda ya mallaki gidan da ya kai riyal miliyan 4. Riyal kuwa an ɗaure shi da dala, 3.75 a kan kowace dala tun 1986, fanshonka kuma da naira za a riƙa biyan ka, don haka kai da ka yi aikin lissafi ba sai na buga maka ba. Ban san mutum ɗaya a zuri'armu, ta nan ko ta can, da wannan ƙofa ta buɗe masa ba.

To yaya tsofaffinmu suke zama? Bari in ba ka labarin Baba, Allah ya ji ƙansa, tunda ka san shi a waya ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Ya yi rayuwarsa yana kula da sito a wani kamfanin kayan gini, da ya haura sittin sai aka gaya masa cikin ladabi cewa ba za a sabunta masa igama ba, za a buga masa fita ta ƙarshe, wadda take ba mutum kwana 60 ya tattara ya bar ƙasa. Na tuna daren da ya fito da wata jakar leda daga ƙasan akwati ya zube tsofaffin igamominsa a kan darduma, tun daga koren littafin da ake ba Musulmi a da har zuwa katin yanzu, yana jera su ɗaya bayan ɗaya yana tambayarmu ina zai je. Fasfonsa na Najeriya ne, amma a Jidda aka yi masa shi, kuma ƙasar da sunanta yake jikin fasfon bai san ta ba sai a bakin iyayensa. Da ƙyar da taimakon Allah aka mayar da igamarsa ƙarƙashin babban wanmu, shi da Inna, kuma daga ranar nauyinsu ya koma kanmu.

Nauyin nan ba ƙarami ba ne, kuma shi ne abin da ku na gida ba kwa gani. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar haraji a kan kowane mutum da yake ƙarƙashin igamar baƙo, aka fara da riyal 100 a wata, ana ƙara ɗari duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Wato riyal 4,800 a shekara a kan kowane kai, jariri ne ko tsoho. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu zai nemo 24,000 kafin a yi maganar haya ko abinci. Sannan ba a sabunta igama sai da inshorar lafiya, ita kuwa kuɗinta yana hawa da shekaru, ta tsoho mai ciwon suga da hawan jini takan ninka ta saurayi sau da yawa. A gidanmu duk shekara idan lokacin sabuntawa ya matso mukan zauna a ɗakin Inna bayan sallar isha'i da takarda da biro, kowa ya faɗi abin da zai iya, har ƙannenmu mata suna kawo nasu daga ɗinki da ƙunshi. Gidajen da ba su da 'ya'ya masu aiki, jama'a ce take haɗa musu ta hanyar adashi da gudummawa. Wannan ita ce bizar ritayar da muke da ita, kuma ba a ba wanda yake waje, domin ko Baba ya samu ne saboda yana ciki tun asali.

Ka tambaya me ya sa ba mu karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba tun tuni, kamar abu ne da ake miƙa hannu a ɗauka. Hausawa a nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda kakanninsu suka karɓi tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, a farkon kafuwar masarautar, su cikakkun 'yan Saudiyya ne, suna aikin gwamnati da soja, suna karɓar fansho, kuma ka ga uku daga cikinsu a tawagar ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018: Usama Hausawi wanda shi ne kyaftin, da Umar Hausawi, da Mu'utaz Hausawi. Akwai kuma irinmu. Kakanmu, ƙanen kakanka, ya biyo hanyar da alhazai da masu hijira suka riƙa bi bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi shekaru yana noma a Sudan don ya tara guzuri, ya ƙetare teku daga Sawakin. Da aka yi masa tayin takardar sai ya ƙi, ya ce shi alhaji ne, bana ko baɗi zai koma gida. Maƙwabcinsa da suka sauka daga jirgin ruwa ɗaya ya karɓa. Yau jikokin wancan suna da jinsiyya, wato su 'yan ƙasa ne, mu muna da igama, ga shi a masallaci ɗaya muke salla. Ba na zargin kakanmu, son gida ne ya hana shi, kuma yana yi mini ciwo idan na ji wani a can yana cewa mun guje wa gida, alhali saboda ƙin rabuwa da shi muka rasa abin da wasu suka samu.

Maganar aure ma kun ɗauke ta da sauƙi. Ka rubuta cewa ai sai mu aurar da 'ya'yanmu ga 'yan ƙasa kowa ya huta, wasu kuma a cikinku suna zargin mu da cewa mun riga mun yi hakan har mun narke. Duka biyun ba daidai ba ne. Ɗan Saudiyya ko 'yar Saudiyya ba sa auren baƙo sai da izinin hukuma, kuma izinin yana da sharuɗɗa da jira. Idan uwa ce 'yar ƙasa uba baƙo, 'ya'yan ba sa samun jinsiyya da haihuwa, sai sun kai shekara 18 su nema, ko da yake ana yi musu kamar 'yan ƙasa a makaranta da asibiti, uwar kuma tana iya riƙe igamar mijinta da tasu. Idan uba ne ɗan ƙasa, 'ya'ya suna bin sa, uwarsu kuma tana samun zama saboda su. Gwaggonmu ta auri Bahaushe mai jinsiyya, kuma ita ce mafi kwanciyar hankali a cikin tsofaffinmu. Amma ba don takarda aka yi auren ba, gidansu yana kallon namu ne, tare suka tashi. Yawancin auren da kuke kira auren Larabawa tsakanin Hausawa ne, bambancin kawai wani yana da jinsiyya wani ba shi da ita. Gidan da ya aurar da 'yarsa don takarda kuwa ba ya ɓoyuwa a cikinmu, kuma ba a ganin girmansa.

Sai batun da ka sa a ƙarshen saƙonka cikin raha, ko da yake na san ba raha ba ce gaba ɗaya, cewa ko mun dawo ma wa zai gane mu Hausawa ne. Gaskiya ne 'ya'yana sun fi sakewa da Larabci, Hausarsu kuma cike take da kalmomin da za su ba ka dariya. Amma Inna ba ta taɓa yi wa jika magana da wani harshe ba, kuma duk wanda ya shiga ɗakinta sai ya durƙusa ya gaishe ta yadda ake gaida manya. Har yanzu ba ta kiran sunan babban wanmu, don ɗan fari ne. Wannan wasiƙa da kake karantawa a hannun Baba na koyi rubuta irinta, shi kuma ya koya don ya riƙa aika wa mahaifinka saƙo ta hannun alhazai. Mun karɓi alhazanku shekara da shekaru, mun yi musu tafinta a asibiti da kasuwa, mun nemo waɗanda suka ɓata a Mina, mun bi gawar waɗanda suka rasu zuwa maƙabartar Shara'i da ke Makka alhali ba mu san ko sunan garinsu ba. A lokacin babu wanda ya tambaye mu ko mu Hausawa ne na gaske. Tambayar ba ta tasowa sai an zo maganar gado ko neman aure.

Akwai tsofaffin da suka koma, musamman bayan harajin iyali da kuma rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil da aka yi a 2022, wanda ya tarwatsa maƙwabtan da suka yi shekaru suna rufa wa juna asiri. Wasu sun samu dangi masu kirki sun zauna lafiya. Wasu kuma sun tarar an raba gona tun kafin a haife su, kuɗin sallamar ya ƙare a gini da hidimar 'yan'uwa, 'ya'yansu suna nan su suna can. Wanda ya ga haka ba zai yi gaggawar cewa tsoho ya tattara ya tafi ba.

Shawarata gare ka, Yaya, ka riƙe gidanka da fanshonka inda suke. Bizar umra tana ba mutum zaman kwana 90, kuma wannan ya isa ka yi azumi a Madina ka more salla a masallacin Annabi, ka koma, idan Allah ya hore ka sake dawowa. Abin da nake roƙon ka shi ne kada ka saurari masu cewa ka shigo da umra ka maƙale. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda bizarsa ta ƙare ba ya iya kama haya da sunansa, ba ya buɗe asusun banki, zuwa asibiti ma da fargaba yake yi, idan aka kama shi kuma akwai tara da tsarewa da tarhil, wato korar mutum zuwa ƙasarsa, da hana dawowa na shekaru, wanda ya ba shi masauki ma hukunci yana hawa kansa. Mutum mai mutunci irinka da ya yi aiki ya gama lafiya bai kamata ya ƙare yana leƙen motar 'yan sanda daga bayan labule ba. Haka kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sayo maka igama a hannun wani kafili, ka sani doka ta haramta wannan ciniki, kuma ranar da kafilin ya ga dama zai kai rahoton ka gudu daga aiki.

Ni kaina shekarun nan suna tafe gare ni. Igamata tana hannun kamfanin da nake yi wa aiki, babban ɗana kuma bai gama karatu ba balle ya samu aikin da zai ɗauke ni da mahaifiyarsa. Saboda haka idan ka zo umra ina so mu zauna ka faɗa mini abin da ya rage na kason kakanmu a gidan gado, da kuma takardun da ake buƙata kafin mutum irina ya sayi fili a can da sunansa. Ka gaida Yaya babba da yara.