Tambaya da Amsa: Ya Biya Ni Dubu Ashirin, Shikenan Waƙar Ta Zama Tasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni marubucin waƙa ne a Kano, ban cika rerawa ba, rubutawa nake in ba masu murya. Bara na rubuta wata waƙar soyayya, na yi mata kari da bakina na tura wa wani mawaƙi ta WhatsApp, ya ji ta yi masa ya turo min dubu ashirin, muka shiga situdiyo mai kiɗa ya buga ya hau. Toh yanzu waƙar ta shiga fim, tana YouTube tana Audiomack, ko sunana ba a sa ba wallahi. Da na yi masa magana sai ya ce ai saya ya yi, kuma wai tunda ban yi mata rajista ba ba ni da ta cewa. Dan Allah haka abin yake? Daga wani marubucin waƙa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba haka yake ba, abokin naka ya yi kuskure har biyu.

Maganar rajista tukuna tunda da ita yake tsorata ka. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wato ta 2022 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, ba a buƙatar ka je ko'ina ka cike ko wace takarda kafin waƙa ta zama taka. Abu biyu kawai ake dubawa, cewa kai ka ƙirƙiro ta ba kwafa ka yi ba, da kuma cewa ta fito daga kanka ta zauna a wani abu da za a iya gani ko a saurara, takarda ce ko waya ko kwamfuta. Kaga wannan muryar da ka tura masa ta WhatsApp kana rera karin da bakinka, ranar da ka naɗe ta ranar haƙƙinka ya tabbata, kuma ita ce babbar shaidarka yanzu don tana ɗauke da kwanan wata da lokaci da lambar wanda aka tura wa. Kar ka goge hirar nan, kar ka sayar da wayar ba ka kwashe ta ba, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka yau ɗin nan, har da alat ɗin dubu ashirin ɗin.

Sai maganar "na saya". Nan ne mawaƙanmu suke cutar juna kullum, wani da gangan wani da rashin sani. Doka ta ce mallakar waƙa ba ta tashi daga hannun mai ita ta koma hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya, haka ma in za ka ba mutum izinin da shi kaɗai zai yi amfani da ita, sai a rubuce. Abin da ake iya bayarwa da baki shi ne izinin amfani kawai, wanda bai hana ka ba wani ba. Kamar mai gida ne ya karɓi kuɗin haya, ɗan haya zai zauna amma takardar gida tana hannun mai gida. Don haka dubu ashirin ɗin nan izinin rerawa ya saya da ita, baitocin da karin suna nan naka. Amma fa kar ka ji daɗi da yawa, in magana ta kai kotu za a duba abin da kuka faɗa wa juna a hirar, in ka rubuta masa wani abu kamar ka bar masa ita gaba ɗaya ya yi yadda yake so, lauyansa zai riƙe wannan da hannu biyu. Ka koma ka karanta hirar tun daga farko kafin ka ɗaga murya.

Abin da yawancin 'yan masana'antar ba su gane ba shi ne waƙar da kake ji a waya ba abu ɗaya ba ce a idon doka. Akwai baitoci, akwai kari da kiɗa, sannan akwai shi kansa sautin da aka naɗa a situdiyo. Baitoci na wanda ya rubuta ne, kiɗa na wanda ya tsara shi, sautin da aka naɗa kuma na wanda ya shirya naɗin ya ɗauki nauyinsa. Toh in shi ya biya kuɗin situdiyo, sautin nasa ne ba ka da iko ka ɗauka ka ɗora a tasharka, amma shi ma abin da ke cikin sautin naka ne, ba zai juya shi yadda ya ga dama ba tare da kai ba. Shi ma mai kiɗan nan da aka sallama da kuɗin aiki yana da nasa kason in dai shi ya ƙirƙiro kiɗan, kuma ni a ganina masu kiɗa su aka fi zalunta a harkar nan, mutum ya kwana a kan fiyano waƙa ta yi shekara tana tashe ba wanda ya san sunansa.

Cire sunanka kuwa laifi ne daban. Ko da ka sayar da waƙar da takarda da shaidu, doka ta bar maka haƙƙin a ambace ka a matsayin wanda ya rubuta, kuma wannan haƙƙin ba ya sayuwa muddin kana raye.

Shawarata kar ka fara da kotu, kar kuma ka fara da Facebook. Ka samu wani babba da kuke jin maganarsa ku biyun, a zauna, a rubuta takarda ko shafi ɗaya ne: sunan waƙa, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya rera, kaso nawa kowa zai samu cikin ɗari daga abin da YouTube da sauran manhajoji suka kawo, kowa ya sa hannu da kwanan wata, a gyara sunan a inda aka ɗora ta. In ya ƙi, sai lauya ya rubuta masa shi da furodusan fim ɗin, don shi ma furodusa ya kamata a ce ya nemi izininka. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce take saurare, ba kotun majistare ba, ba kuma ofishin 'yan sanda na unguwa ba, kuma tana cin kuɗi da lokaci, sai ka auna abin da waƙar take kawowa tukuna.

TAMBAYA: Malam ina da katin rajista na Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ashe wannan bai isa ya kare waƙoƙina ba? In bai isa ba ina zan je? Daga wata mawaƙiya, Kano.

AMSA: Malama bai isa ba, aikinsu daban. Hukumar tacewa tana duba abin da ke cikin waƙa ne ko ya dace a sake shi, tana kuma ba ki izinin yin sana'a a jihar, ba ita ke tabbatar da wa ya mallaki me ba. Mai wannan aikin ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, hedikwatarta na Abuja kuma tana da ofis a Kano. Tana da shafin rajista ta intanet, za ki buɗe asusu, ki cike fom da sunan waƙa da sunan duk wanda ya sa hannu a ƙirƙirarta da shekarar da aka yi ta, ki ɗora kwafin aikin, ki biya kuɗi, in sun duba su ba ki satifiket.

Kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu na sama, ba dole ba ne. Amfaninta shi ne ranar rigima, kina da takardar hukuma mai kwanan wata, sai shi mai ja da ke ya kawo hujjar da ta fi taki. In kuɗi ba su kai ki yi wa duka ba, ki fara da waɗanda kika ga suna tashi ko waɗanda za ki ba 'yan fim. Sannan ki sani sunan waƙa kawai ba ya samun wannan kariyar, haka ma jigo, ba wanda zai ce shi ya mallaki waƙar amarya ko waƙar yabon uwa. Sunan da kike amfani da shi a waƙa ma ba a nan ake kare shi ba, wannan sai wajen rajistar tambarin kasuwanci. Kuɗin da gidajen rediyo da talabijin da otal-otal ke biya na sa waƙa kuma ba NCC ke raba shi ba, ƙungiyar da NCC ta ba lasisin karɓa ce, irin su MCSN, sai kin shiga kin ba su jerin waƙoƙinki kafin su san da ke.

TAMBAYA: Ina so in sabunta wata waƙar marigayi Shata da kiɗan zamani, abokaina sun ce tunda ya rasu ta zama ta kowa. Daga wani matashi, Funtuwa.

AMSA: Ƙanena abokanka za su kai ka su baro. Haƙƙin baitoci da kari yana nan tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka lissafa da kanka, sai ƙarshen 2069 ke nan, kuma kafin nan haƙƙin gado ne a hannun magadansa kamar gona ko gida. Ka je ka same su da ladabi ka nemi izini a rubuce. In kuma muryarsa za ka yanko daga tsohon faifai ka ɗora a kan kiɗanka, wannan wani izinin ne kuma, don sautin da aka naɗa nasa wa'adin shekara 50 ne daga fitowarsa. Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba, irin na daɓe da na gaɗa, su ma doka ba ta bar su a sake ba in kasuwanci za a yi da su, NCC ce ke riƙe da izininsu.

Tunda an zo nan bari in faɗa, masu ɗauko karin waƙar Indiya su ɗora baitocin Hausa su ma su sani baitocin ne kawai nasu. Da can a zamanin kaset ba mai ji a Mumbai, yanzu kuwa na'urar YouTube tana iya gano sautin da aka kwafa, sai ka wayi gari an toshe bidiyon ko kuɗin tallan yana tafiya wani kamfani.

TAMBAYA: Ni a Maraɗi nake amma a Kano aka fi sauraron waƙoƙina, sai na yi rajista a ƙasashen biyu? Daga wani mawaƙi, Maraɗi.

AMSA: Ba sai ka yi ba ɗan'uwa. Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda ta ce kowace ƙasa ta kare aikin ɗan wata ƙasar kamar yadda take kare na 'yan ƙasarta ba tare da wata rajista ba. Ka ajiye ayyukanka a hukumar BNDA da ke Yamai, ita ke kula da haƙƙin mawaƙa a wajenku. In kuma a situdiyon Kano kake naɗa, takardar nan ta rabon kaso ku rubuta ta tun kafin mai kiɗa ya tura maka waƙar a waya, ka riƙe kwafi ɗaya ka tsallaka da shi.