Zuwa ga Yaya Malam: yadda yaranmu na Amurka ke karatun kimiyya, kowa da allonsa

Yaya Malam, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da ɗalibai? Na ji Inna ta ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Saƙon muryar da ka turo sau uku na saurara, ina ta dariya ni kaɗai a mota. Wai an ce maka 'yata, takwarar Inna, tana karatun kimiyya na waɗanda suka girme ta a kwamfuta, ba aji, ba ƙararrawa, ba mai riƙe da bulala, shi ne kake tambaya ko karatu ne ko wasa. Ka kuma ce in dai kan nata ya kai haka, me ya hana a tsallakar da ita aji kowa ya huta? Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka tuna zauren Malam na bakin kasuwa inda muka yi allo? Mu kusan talatin a tabarma ɗaya, amma ba mutum biyu da ke wuri ɗaya a karatu. Wani yana babbaƙu, wani ya kai Sabbi, wani gardi yana can lungu yana shirin sauka. Ba wanda ke jiran wani. In ka riƙe naka, ka je ka biya, Malam ya ce wanke, a yi maka ƙari. In ba ka riƙe ba, ko mako za ka yi a kansa allon nan ba zai ga ruwa ba. To abin da yarinyar nan take yi ke nan, sai dai allon nata na gilashi ne. An yanka darasin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da karatunta, da ɗan bidiyo, da gwajin da za ta yi da hannunta, da tambayoyi a ƙarshe. Ba za a buɗe mata ta gaba ba sai ta ci wannan. Akwai kuma malama ta gaske a can wani gari, wadda ba mu taɓa haɗuwa ba, tana duba aikin tana maido da gyara a rubuce. Ranar da na fahimci tsarin sai na ce wa Baban su, ashe Turawa sun sha dogon zagaye ne suka dawo zauren Malam.

Inda suka rabu da allo shi ne abin da ake nema a wurin yaro. A allo riƙewa ake so, kada ka ƙara kada ka rage, kuma haka ya dace da Alƙur'ani. A nan kuwa kafin yaro ya yi gwaji sai an sa shi ya rubuta abin da yake zaton zai faru. In zaton ya faɗi ba a rage masa maki, muddin ya bayyana dalilin faɗuwar. Wannan ya daɗe bai zauna mini ba, ni da na tashi a inda amsar da ba daidai ba take jawo dorina.

Kimiyyar tasu ta firamare kashi biyu ce a wannan shiri. Akwai ta masu rai: tsirrai, ƙwari, jikin mutum, yadda wani ke cin wani a daji, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Akwai ta marasa rai: haske, sauti, zafi, lantarki, maganaɗisu, da yadda sinadarai ke sauyawa in sun gamu. A ta farkon aka ce ta saka ƙwayar wake a ledar da ake gani ta ciki, da jiƙaƙƙen tishu, ta manna a taga. Waken da kuka aiko mana ta ɗiba, farin nan mai baƙin ido. Kullum da safe kafin motar makaranta ta zo sai ta auna saiwar da rula ta rubuta. Da saiwar ta yi tsawo sai ta juya ledar, sama ta koma ƙasa, don ta ga ko za ta bi. Kwana biyu saiwar ta lanƙwaso ta sake nufar ƙasa. Ta zo da gudu tana tambayata wa ya gaya wa waken ina ne ƙasa, alhali ba shi da ido. Ni da na yi shekaru ina aikin jinya na tsaya ina kallonta. Malamar ma ba ta ba ta amsar kai tsaye ba, cewa ta yi ta sake gwadawa a cikin kabad mai duhu, don a gane ko haske saiwar ke gudu ko nauyin ƙasa ke janta.

Wanda ya fi burge ni shi ne na tsami da kanwa. Darasin ya ce a dafa jan kabeji a tace ruwansa, domin launinsa yana sauyawa in ya gamu da abu mai tsami ko kishiyarsa. Ba mu da jan kabeji, dare ya yi, kuma sanyin Janairu ba ya barin mutum ya fita don kabeji. Sai na ce ga zoɓo. Muka jiƙa, muka zuba a kofuna uku. Na farko muka bar shi, na biyu ta matsa lemun tsami sai ya ƙara ja ya yi haske, na uku na jiƙa ungurnu na ɗiga mata, nan take ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Ta ɗauki hoto ta aika, tare da bayanin mene ne zoɓo da kanwa, don malamar ba ta san ko ɗaya ba. Ashe sinadarin da ke ba jan kabeji launi danginsa ne ke cikin zoɓo. Daga nan hira ta ɓarke a kicin: don me ake jefa kanwa a wake, don me ake sa ta a miyar kuɓewa, don me Inna ke kashe tsamin yakuwa da ita. Na ga cewa iyayenmu mata sun daɗe suna wannan ilimi a gindin murhu, suna ne kawai ba su sa masa ba. Da suka zo kan zafi da tururi ma randa na ba ta misali, na ba ta labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta yi mamaki ƙwarai da jin ɗan ƙasarmu ne.

Ka tambayi wa ke zaɓen yaran. A Amurka babu doka ɗaya da ta tilasta wa kowace makaranta kula da yara masu baiwa, kowace jiha da nata tsarin, wani lokaci ma gunduma da gunduma sun bambanta. Wurare da yawa suna yi wa yara jarrabawa tun suna aji biyu ko uku, irin wadda ake kira CogAT, mai auna kaifin tunani maimakon abin da aka koya a aji. Bayan na makarantun gwamnati akwai cibiyoyin jami'o'i. Wadda ta fi suna tana nan kusa da mu a Baltimore, a Jami'ar Johns Hopkins, ana ce mata CTY, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Julian Stanley ya kafa ta a 1979. Dabararsa mai sauƙi ce: in yaro kullum yana cinye jarrabawar ajinsu, to jarrabawar ta daina gaya maka komai a kansa, sai ka ba shi ta waɗanda suka girme shi ka ga inda zai tsaya. Shi da kansa ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar shiga jami'a. Jami'ar Northwestern da ke jihar Illinois ma tana da irin wannan cibiya. Mu a gida ai tunanin ba baƙo ba ne, ga makarantar haziƙai ta Suleja, ga Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe tun 1977 don kimiyya. Sai dai namu a sakandare yake farawa, kuma sai an ɗauke yaro daga gaban uwarsa an kai shi kwana. Nan tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, yana ɗakinsu.

Maganar tsallaken aji kuwa, ana yi a nan amma ba kasafai ba, kuma mu Hausawan da ke nan yawancinmu ba ma so. Dalilin ba na karatu ba ne. Yarinya 'yar shekara tara ka jefa ta cikin 'yan sha ɗaya da sha biyu na ƙasar nan, lissafin za ta iya, amma hirar da ake yi a bayan motar makaranta ba tata ba ce. Gara ta zauna da sa'o'inta da rana, in ta dawo ta ci gaba da nata a gaban idona.

Mu nan ba mu da yawa kamar na Bronx a New York, inda 'yan zangon Gana da mutanen Nijar suka cika har kana jin Hausa a bakin titi. Muna warwatse ne tsakanin Baltimore da Washington, ga Kanawa, ga Zazzagawa, ga mutanen Maraɗi da Damagaram, ga 'yan Kumasi. Suna da Sallah da Islamiyyar Asabar su ke haɗa mu. Kuma wani abu da zai ba ka dariya: maƙwabtanmu Turawa in ɗansu ya yi fice har takarda suke mannawa a bayan mota don duniya ta sani. Mu kuwa ko an tambaye mu sai mu ce tana dai ƙoƙari, a sa ta a addu'a. Tsoron baki bai bar mu ba don mun haye teku. Saboda haka labarin irin waɗannan shirye-shirye a kicin yake yawo, wajen tuƙa tuwon suna, wata ta ja ki gefe ta ce na ga yaron nan naki ba ya zama wuri ɗaya, kin kuwa kai shi an gwada shi? Ni ma haka aka yi mini. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kwas ɗaya yana cin ɗaruruwan daloli, ko da yake wasu cibiyoyin suna rage wa masu ƙaramin ƙarfi. Akwai matan da ke roƙon a sa kwasarsu ta adashe ta faɗo daidai lokacin rajista.

Ba zan ɓoye maka ba, mun taɓa yin asara. Yayan takwarar Inna muka fara yi wa rajista a wani shiri, na wata uku. Na ga an ce yaro ne ke tafiya da ƙarfinsa sai na sakar masa, ina aikin dare, Baban su yana fita tun asuba. In na tambaya ya ce yana yi. Sai da saura kwana goma wa'adin ya cika na buɗe na ga gaɓa biyu ya yi cikin goma sha biyu, sauran lokacin ƙwallo yake kallo. Laifin namu ne. A zaure ai ba allon ke sa yaro karatu ba, sanin cewa da la'asar zai durƙusa gaban Malam ya biya shi ne. Tun daga ranar muka mayar da shi doka a gidan nan: bayan Magariba, an idar da karatun Alƙur'ani, kowa ya zo ya biya mini abin da ya koya, da Hausa. In yaro ya kasa faɗa mini da Hausa me ya sa ƙwan fitila biyu ke dusashewa in an jera su a waya ɗaya, to bai gane ba, ya koma. Da haka nake jifan tsuntsu biyu, don Hausar tasu ma tana neman gudu. Wasu gidajen sun ɗauka, har malamin Islamiyyarmu ya ce zai gwada da nasa.

Abin da har yanzu muke fama da shi shi ne ladabi. Karatun yana koya wa yaro ya ce ina hujja, kuma yaro ba ya sanin inda zai tsaya. Ranar nan wani dattijo ya zo gaishe mu, yana cewa sanyi ne ke kawo mura, sai takwarar Inna ta buɗe baki ta ce a'a, ƙwayar cuta ce. Gaskiya ta faɗa, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya tafi na zaunar da ita na ce tambaya ba laifi, gyara wa babba magana a gaban mutane shi ne ba namu ba, ki riƙe ki zo ki same ni. Haka nan in darasin masu rai ya taɓo asalin halitta da shekarun duniya, ba ma rufe kwamfutar, Baban su yakan zauna da ita su bi abin da littafin ya ce da abin da muka yi imani da shi.

Yanzu kan yaron ajinka da ka ce yana gama aiki kafin ka gama rubutu a allo sannan ya dami kowa. Kada ka fara da tunanin daloli. Akwai PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya a intanet na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ta kimiyyar fiziks ya fara a 2002. Kyauta ne, yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar waya ko kwamfuta, ya ga abin da zai faru in ya ƙara ko ya rage, kuma ana iya sauke su a yi amfani da su ba intanet. Khan Academy, wani shafin darussa a intanet, shi ma kyauta ne, sai dai ga 'yan firamare ya fi ƙarfi a lissafi. Turancin zai ɗan ba shi wahala da farko, a nan ne kai za ka shigo. Ka ware masa rabin awa bayan an tashi, ka ba shi abu ɗaya ya bincika, washegari ya zo ya biya maka kafin ka yi masa ƙari. Zoɓo da kanwa da wake kuwa sun fi arha a wurinku.

Akwai tsohuwar kwamfutar yayan takwarar Inna a ajiye, batirinta ya yi rauni amma tana aiki. Zan sa a zuba mata gwaje-gwajen in ba mai zuwa Kano bayan Sallah ya kawo maka. Ka tambayi iyayen yaron tukuna ko sun yarda ya riƙa tsayawa bayan an tashi. A gaida Inna da Anti da yara, a ce wa Inna takwararta tana roƙon a ƙaro wake.