Agogon farko: sabo ko na hannu?

Ɗan'uwa ka tambaya ko Rolex na hannu zaka saya ko sabo, to ni dai nawa sabo na ɗauka a Jidda bayan shekara uku ina tara riyal, wallahi ranar da na ɗaura shi har hannuna rawa yake. Na hannu yafi sauƙi amma jabu sunyi yawa, in lambar agogon bata dace da ta katin garantinsa ba kar ka biya ko sisi. Sabo yana da garantin shekara 5, ka dai lissafa harajin sayen kaya (VAT) na kashi 15 in a Saudiyya zaka saya. Kuma ka ɗauki na ƙarfe, zinare bai halatta ga namiji ba. In ka ajiye shi kwana uku ya tsaya kar hankalinka ya tashi, bashi da batir, motsin hannunka ne ke tafiyar dashi.