Agogo mai tsinken sakan biyu: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo min agogon IWC wanda aka taɓa ɗaurawa, mai inji ne ba mai batir ba. Ya ce tsadarsa don yana da tsinke biyu na auna gudu. Ba kwali, ba takarda. Ya kai a saya? Daga mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dillalinka bai yi ƙarya ba a kan tsadar, domin wannan na cikin ayyuka mafi wuya a sana'ar agogo. A takardun kamfanoni za ka ga an rubuta rattrapante. Tsinkayen biyu suna kwance ne ɗaya bisa ɗaya. A ce kana Filin Sukuwa, dawaki biyu sun tashi tare. Na farko ya iso, ka danna maɓalli na uku, tsinke ɗaya ya tsaya, ɗayan ya ci gaba. Ka karanta lokacin, ka sake dannawa, sai wanda ya tsaya ya yi wuf ya cim ma ɗan uwansa. Kamfanin agogo na Patek Philippe ya sayar da irinsa na ɗaurawa a hannu tun 1923.

Naka yana da wani sauƙi. A 1992 IWC ta fito da Doppelchronograph, wanda Richard Habring ya gina a kan injin Valjoux 7750, inji mai juriya da masu gyara da yawa suka sani. Da a ce Double Split ne na kamfanin A. Lange & Söhne, na 2004, mai raba har mintoci, da na ce kada ka taɓa shi babu takarda ko da an yi maka ragi.

Gwajin da zan so ka yi da hannunka ke nan, cikin haske, kada ka bar dillali ya yi maka. Yi masa wani ya cika, ka tayar da tsinkayen. Danna maɓalli na uku, wanda ke wajen ƙarfe goma, ka jira kamar sakan 20, ka sake danna shi. Dole tsinken ya koma nan take, ya ɓuya ƙarƙashin ɗayan har ka ga tamkar guda ne. Maimaita a wurare dabam-dabam na fuskar, musamman idan tazararsu ta kusa sakan 30, don a nan raunin sifirin yake tonuwa. In ya yi jinkiri, ko ya bar ɗan tsaga tsakaninsu, akwai gyara a gaba. Sannan ka mayar da su sifili, duka biyun su tsaya cak a kan sha biyu. Jabu da yawa maɓallin na uku ado ne kawai, ba ya motsa komai.

Rashin takarda kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗauki lambar da ke bayan agogon ka tuntuɓi kamfanin, ka kuma sa mai shi na asali ya rubuta maka shaidar ciniki, don kayan sata ma ta hannun dillalai suke yawo.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne gyara. Man da ke cikin injin yana bushewa, ana so a yi masa sabis kamar duk shekara biyar, ga ƙurar hunturun Kano da ke kutsawa ta maɓallai idan robarsu ta tsufa. Masu gyaran agogonmu na Sabon Gari akwai gwanaye, amma kayan gyaran wannan ba a kasuwa suke ba, galibi sai an tura shi waje, a biya da kuɗin waje. Saboda haka ka tambayi yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe. In babu rasit, ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗinsa daga tayin da za ka yi.